Ciwon mahaɗar ƙugu ta baya: ta yaya ake gane ita ce, kuma da me ake fara magani?

Ɗalibar Fiziyo:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman a warware mini wani abu da ke ɗaure kai. Mutum ne zai zo da ciwon kwankwaso gefe guda, ƙasa-ƙasa wajen saman ɗuwawu. Wannan ya ce faifan ƙashin baya ne, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, wancan ya ce kwatangwalo ne, wani kuma ya ce mahaɗar sakiro'iliyak ce, wato mahaɗar ƙugu ta baya, ta goce, a je a mayar da ita. A ɗauki hoto, a rubuto "zaizaya" a ko'ina. To ta ina ake kama bakin zaren? Idan kuma an tabbatar ita ce, da me ake farawa?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam. Mu fara da ita kanta gaɓar, don rabin ruɗanin daga rashin saninta yake. A ƙarshen ƙashin baya akwai wani ƙashi mai kusurwa uku, sakiram, wanda ya shige tsakanin faffaɗan ƙasusuwan ƙugu biyu kamar weji. Inda ya haɗu da kowannensu, dama da hagu, nan ce mahaɗar. Ki dubi bayan siririn mutum, za ki ga 'yan wurare biyu da suka lotsa a saman ɗuwawu. Ƙarƙashinsu take.

Aikinta ɗaukar kaya ne, ba motsi ba. Nauyin gangar jiki duka ta nan yake bi ya sauka ƙafafu. Motsin da take yi bai taka kara ya karya ba: juyawar digiri 2 zuwa 4, zamewar milimita 1 zuwa 2, kuma yana raguwa yayin da shekaru ke ja. Fuskokinta ba sumul suke ba, tudu da kwari ne da suka shige juna, ga igiyoyi masu kauri sun ɗaure ta ta baya. Ɓangaren gaba da ƙasa ne kaɗai gaɓa ta sosai mai guringuntsi da ruwa, na baya da sama igiyoyi ne zalla. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen maganar allura.

Saboda haka zancen "ta goce" ki ajiye shi gefe. Kafin ta goce da gaske sai an yi mummunan hatsarin mota ko faɗowa daga sama, kuma mai ita ba da ƙafarsa zai shigo ba. Amma tana ciwo, wannan babu ja. Cikin masu ciwon kwankwaso da ya daɗe ana ƙiyasta kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari daga nan ne. Farkon ƙarni na 20 ma ita ake ɗora wa laifin yawancin ciwon da ke sauka ƙafa, sai da Mixter da Barr suka bayyana fitowar faifai a 1934 kowa ya koma can aka manta da ita. Yanzu kuma an soma wuce gona da iri ta ɗaya gefen.

Waɗanda za ki fi zarginta a jikinsu: wanda ya faɗi da ɗuwawu, wanda ya zura ƙafa ɗaya a rami bai shirya ba, direban da aka buga ta baya ƙafarsa na kan birki, mai ciki da mai jego, da wanda aka yi wa tiyatar haɗe ƙashin baya, musamman idan haɗin ya kai sakiram, don motsin da aka hana ƙasusuwan sama kanta yake komawa.

Malamin Fiziyo:
Allah ya ƙara wa Likita lafiya. Bari in ɗora daga inda majinyaci ke buɗe baki. Kada ki ce masa "bayanka ne ke ciwo?" Ki ce ya nuna miki da yatsa ɗaya. Mai ciwon faifai ko tsoka yakan shafa wurin da tafin hannu ya ce "nan dai duk". Mai wannan mahaɗar yakan kafa yatsa a kan lotsawar nan ko ɗan ƙasa da ita ta ciki, bai wuce santimita 1 ba. Ki ƙyale shi, ki yi wasu tambayoyin, sannan ki sake cewa ya nuna. Idan ya koma wurin dai a karo na biyu, gwajin yatsa na Fortin ke nan. Alama ce, ba hujja ba.

Ciwon galibi gefe guda yake, ƙasa da layin bel. Idan babban zafin yana sama da L5, wato ƙashi na biyar na kwankwaso, ko daidai tsakiyar baya, ki nemi wani dalili. Yana kuma yaɗuwa. A binciken Slipman na shekarar 2000, kashi 94 cikin ɗari sun ji shi a ɗuwawu, rabi ya sauka musu ƙafa, kashi 28 ya wuce gwiwa, kashi 14 a matsematsi. Ke nan wucewa gwiwa bai wanke ta ba, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa. Abin da ba ta yi shi ne ta rage ƙarfin ƙafa, ko ta hana gwiwa da dunduniya zabura idan an buga 'yar gudumar nan, ko ta kashe fata a layi guda har yatsu. Wannan aikin jijiyar da aka danne ne.

Ki kuma saurari abin da ke tayar da shi: miƙewa daga zaune, juyi a gado, hawan matakala, tsayuwa da ƙafa ɗaya wajen sa wando, fitowa daga mota. Ki lura da zamansa a kujera, sau da yawa ya karkata ya ɗora nauyi a ɗuwawun da ke lafiya.

Likitan Ƙashi:
Malam, a gafarce ni in tsoma baki kafin a kai ga danne-danne. Akwai tambayoyin da dole a yi tukuna. Fitsari ya tsaya ko yana zuba ba da sani ba? Tsakanin cinyoyi da dubura ya mutu? Ƙafafu biyu na rasa ƙarfi? Wannan matsewar jijiyoyin ƙarshen laka ce, tiyatar gaggawa ce, ana lissafinta da sa'o'i. Sai zazzaɓi, rama ba dalili, tarihin ciwon daji, da zafin dare da ba ya sauƙi ko ya aka kwanta. Duk mai ɗaya daga ciki bincike yake buƙata, ba motsa jiki ba.

Ɗalibar Fiziyo:
Na gode Likita. Malam, gwaje-gwajen hannun fa? A littafi suna da sauƙi, a kan gado kuma kowa da irin tasa.

Malamin Fiziyo:
Guda biyar ne aka fi dogara da su, waɗanda Mark Laslett ya tattara. Dukkansu manufarsu ɗaya, a matsa wa gaɓar a ga ko za ta yi ƙara.

Na farko buɗa ƙugu. Ya kwanta rigingine, ki ɗora tushen tafukanki a kan tsinin ƙashin ƙugu na gaba, dama da hagu, hannuwa a gicciye, gwiwar hannu a miƙe, ki danna ƙasa da waje. Ki riƙe har daƙiƙa 30 idan bai ji komai ba, sannan ki ƙara ɗan turi a ƙarshe. Na biyu dannan cinya, kuma shi ya fi kama ciwon. Yana rigingine, ki ɗaga cinyar gefen da ke ciwo ta tsaya a tsaye digiri 90, gwiwa a lanƙwashe. Hannunki ɗaya a ƙarƙashin sakiram ya zama mata matashi, ki rungumi gwiwar, ki tura ƙasa ta bin tsawon ƙashin cinya. Inda ake kuskure shi ne a karkatar da gwiwar ta tsallaka tsakiyar jiki. Yin haka kwatangwalo yake matsewa, ko mai lafiya sai ya yi tsaki.

Na uku matse ƙugu: ya kwanta a gefe, ɓangaren ciwo a sama, gwiwoyi a lanƙwashe, ki danna saman ƙashin ƙugu zuwa gado da nauyin jikinki. Na huɗu ya yi rub da ciki, ki danna tsakiyar sakiram ƙasa sau uku zuwa biyar. Na biyar na Gaenslen: a bakin gado, ƙafa ɗaya tana reto a ƙasa, ya rungume ɗaya gwiwar a ƙirji, ki ƙara matsa duka biyun, sannan a juya.

Sharaɗi biyu. Na ɗaya, gwaji bai ci ba sai ya tayar da ainihin ciwon da ya kawo shi, a wurin da ya nuna da yatsa. Zafin hannunki a kan ƙashi ba ya cikin lissafi, don haka ki tambaya, "shi ne wanda ka sani, ko wani ne daban?" Na biyu, ƙarfi. Gaɓar da ke ɗauke da rabin jiki ba za ta ji shafa ba. Yawancin gwajin da ake cewa bai nuna komai ba, ba a danna ba ne. Gado mai laushi ma yana shanye ƙarfin.

Uku cikin biyar suka ci, zargi ya yi ƙarfi. Babu ko ɗaya, ki nemi ciwon a wani wuri.

Likitan Raɗaɗi:
Malam ya yi bayani tiryan-tiryan, sai dai ina tsoron ɗalibarmu ta tafi da cewa uku cikin biyar hukunci ne. Mu yi lissafi da alƙaluman Laslett ɗin kansu: gwajin yana kama kashi 91 na masu ciwon, yana wanke kashi 78 na marasa shi. A tara mutum 100 masu ciwon kwankwaso, a ce 20 ne nasu daga mahaɗar yake. Gwaji zai kama 18 daga cikinsu. Sauran 80 ɗin kuma zai yi wa kusan 18 ƙazafi. Ga mutum 36 a gabanki duk gwaji ya ci, rabinsu ne kawai masu ita. Waɗanda ya wanke kuwa, wajen 64, biyu kacal ya kuskure. Ashe ya fi iya cewa "ba ita ba ce" a kan cewa "ita ce".

Malamin Fiziyo:
Lissafinka daidai ne Likita, ban ja ba. Shi ya sa ba a yin su kafin a tace faifai da kwatangwalo. A sa mutum ya maimaita lanƙwasa baya ta baya sau goma, a tsaye ko a kwance rub da ciki yana ɗaga ƙirji da hannuwa, sannan a gwada sunkuyawa. Idan ciwon ya janye daga ƙafa ko ɗuwawu ya tattaru a tsakiyar baya, faifai ne, ko da gwaje-gwajen can sun ci. Da aka cire irin waɗannan mutane, 78 ɗin nan ta hau 87. Kwatangwalo kuma ana gane shi da ciwon matsematsi, wahalar ɗaura takalmi, da ƙin juyawar cinya ciki idan an lanƙwashe ta.

Abin da nake roƙon a daina shi ne ɗora manyan yatsu a bayan mutum, a ce ya ɗaga gwiwa ko ya sunkuya, sannan a yanke cewa gefen dama ya "maƙale". Motsin milimita ɗaya ko biyu, ta cikin fata da kitse da tsoka, yatsa ba ya jin sa. Ƙwararru biyu su gwada mutum ɗaya, kowa ya faɗi tasa.

Likitar Hoto:
Tunda an ambaci "zaizaya" a tambayar farko, bari in wanke kanmu. Abin da muka gani muke rubutawa, ba mu ce shi ke ciwo ba. An duba hotunan CT na mutanen da ba su da ciwon komai a wurin, aka tarar kusan biyu cikin uku suna da alamun zaizayar wannan mahaɗa, kuma abin yana ƙaruwa da shekaru. Haka kuma mutum na iya kasa juyi a gado hotonsa ya fito tas. Babu hoton da ke tabbatar da irin wannan ciwo na nauyi da motsi.

Amfanin hoto shi ne neman abin da ya fi shi muni: kumburin amosani, mugunya, tsagewar ƙashi, ƙari. Kuma idan mahaɗar ake zargi a rubuta mana haka a takarda. MRI na kwankwaso da aka saba yankansa ba ya ɗauko ta yadda ya kamata, sai an karkata yankan ya bi kwanciyar sakiram, an kuma haɗa da salon da ke danne hasken kitse don ruwan cikin ɓargo ya fito fari.

Likitan Amosani:
Hajiya ta buɗe mini ƙofa. Mutanen da aka fi zalunta a wannan fage su ne matasa masu amosanin ƙashin baya, irin wanda idan ya yi nisa yake manne ƙasusuwa wuri guda. Daga wannan mahaɗar yake farawa, kuma sukan shafe shekaru ana gasa musu baya kafin a gane. Ana barin jaki ana dukan taiki.

Labarinsu kishiyar wanda Malam ya ba da ne. Ya fara kafin shekara 45, a hankali, ya wuce wata uku. Hutu yana ƙara shi, motsi yana rage shi. Yakan tashe su a rabin dare na biyu har sai sun sauko sun zagaya ɗaki. Da safe baya ya sandare fiye da minti 30. Yau ɗuwawun dama, wani makon na hagu. Maganin kumburi yana kwantar da shi sosai cikin kwana ɗaya ko biyu. A tambayi jan ido mai zafi da ƙin haske, ciwon dunduniya, yatsan da ya kumbura gaba ɗayansa, ƙyasbin soriyasis, gudawa mai jini da ta daɗe, da ko akwai mai irinsa a dangi.

Eksire yakan yi shekaru bai nuna komai ba, MRI ke riga shi. Amma shi ma a yi hattara, don ana ganin farin ɓargon nan a masu jego da masu gudun dogon zango ba tare da cutar ba. Gwajin jini na HLA-B27 yana taimakawa, sai dai yawansa ya bambanta tsakanin al'ummomi: yana fitowa a wajen kashi 90 na Turawa masu cutar, a baƙar fata kuwa ya yi ƙasa da haka nesa, don haka rashinsa bai kore ta ba. CRP, gwajin jinin da ke auna kumburi, shi ma yakan fito daidai a mutane da yawa masu ita. Idan magungunan kumburi iri biyu sun gaza, akwai allurai irin su adalimumab da sekukinumab, amma ba a fara su sai an duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B.

Likitan Ƙashi:
A ƙara biyu. Mugunya a cikin gaɓar: zazzaɓi, zafi mai tsanani gefe guda, mutum ya kasa taka ƙafar sam. Yawanci ƙwayar sitafilokokas ce, amma tarin fuka da burusela, wadda ake ɗauka daga dabbobi, su ma suna son wurin, kuma su a hankali suke ci. Sai tsohuwa mai raunin ƙashi da ta wayi gari ba ta iya tsayuwa bayan 'yar faɗuwa, ko ma ba faɗuwar. Sakiram ne ya tsage. Eksire yakan kuskure shi, kuma irinta ba a danna mata ƙugu da ƙarfi.

Likitan Raɗaɗi:
To idan an tace duk waɗannan, abin da ya fi kusa da hujja shi ne allurar gwaji. Mutum ya yi rub da ciki ƙarƙashin na'urar eksire mai nuna hoto kai tsaye, ko CT. A nufi ƙasan gaɓar, inda Likitan Ƙashi ya ce nan ce gaɓa ta sosai, da siririyar allura lamba 22. A fara zuba ɗan ruwan da ke fitowa a hoto, bai kai rabin mililita ba, a ga ya bi layin gaɓar. Sannan lidoken, maganin da ke kashe zafin wuri na ɗan lokaci, mililita 1 zuwa 2. Cikinta ba ya ɗaukar fiye da wajen biyu da rabi. Aka cika, maganin zai tsiyaya ya kashe jijiyoyin da ke maƙwabtaka, ciwo ya tafi, a yi zaton an gano, alhali kama da wane ba wane ba ne.

Kafin allura a rubuta zafinsa daga 0 zuwa 10, a kuma tabbatar yana jin ciwon a ranar. Ba a gwada wanda ya zo lafiya lau, ko wanda aka bugar da maganin barci. Bayan minti 15 zuwa 30 ya tashi ya yi abubuwan da ke tayar masa da shi, ya hau matakala, ya zauna ya miƙe, a maimaita gwaje-gwajen hannu. Raguwar kashi 75 ake nema, wasu suna karɓar 50. Tunda wajen ɗaya cikin biyar na allurar farko ruɗi ne, idan babban mataki za a ɗauka sai a sake wata rana da bufibaken, wanda ya fi daɗewa, a ga ko sauƙin ma ya fi daɗewa.

Allurar lalube da hannu kuwa ɓata magani ce. Rosenberg ya bi irinta da CT a shekarar 2000, kashi 22 cikin ɗari ne kawai suka shiga gaɓar. Akwai kuma wanda allura ta shiga daidai amma bai ji sauƙi ba saboda ciwonsa a igiyoyin baya yake, inda maganin bai kai ba.

Ɗalibar Fiziyo:
Ke nan kowa sai an yi masa allurar kafin a fara magani?

Malamin Fiziyo:
A'a ƙanwata. Maganin farko ba shi da hatsari, zargi mai ƙarfi ya wadatar. Allura ta wanda ya yi wata biyu zuwa uku yana ƙoƙari bai ga canji ba ce.

A kwanakin farko a rage abin da ke raba nauyi ba daidai ba: tsayuwa a jingine kan ƙafa ɗaya, harɗe ƙafa, zama kan walat a aljihun baya, dogon taku. A sa wando a zaune. A fita mota gwiwoyi a haɗe, a juya jiki gaba ɗaya. Filo tsakanin gwiwoyi wajen barci. Ɗumi na minti 15 zuwa 20. Kwanciya kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu, tafiya ta minti 10 zuwa 15 a shimfiɗaɗɗen wuri ta fi ta.

Sannan ƙarfafa tsokokin da ke matse gaɓar, musamman na ɗuwawu. Gada: rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, a matse ɗuwawu tukuna sannan a ɗaga ƙugu, a riƙe daƙiƙa 5, sau 10, zagaye biyu ko uku. Idan bayan cinya ne ke ɗaurewa a jawo dunduniya kusa da jiki, idan kwankwaso ne ke zafi an ɗaga da yawa. Sai kwanciyar gefe, ƙafafu a haɗe ana buɗe gwiwar sama. Kusan kowa yana sata a nan, ƙugu ya mirgina baya, don haka a jingina baya da bango. Sai rarrafe, a miƙe hannun dama da ƙafar hagu, baya a daidaice kamar an ɗora kofin ruwa a kai. Bayan mako biyu zuwa uku a koma na tsaye, zama da miƙewa daga kujera, hawa ɗan tudu mai santimita 10 zuwa 15, daga nan a ƙara nauyi. Wanda ya tsaya a na kwance har wata uku bai shirya wa ɗaukar kaya ba.

Ma'auni: zafi har 3 ko 4 cikin 10 lokacin motsa jiki ba laifi, muddin ya koma yadda yake cikin sa'a 24. Aƙalla kwana uku a mako, mako 8 zuwa 12 kafin a ce bai yi ba.

Mai Haɗa Magunguna:
Ta ɓangarenmu, magungunan kumburi ne kan gaba ga babba: ibufurofen miligiram 400 sau uku a rana, ko nafroksen 250 zuwa 500 sau biyu, bayan an ci abinci, na mako ɗaya zuwa biyu sannan a sake dubawa. Ɗaya ake sha. Haɗa ibufurofen da diklofenak ba ya ninka sauƙi, zubar jinin ciki yake ninkawa. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin tsinka jini, kada ya taɓa sai da izinin likita. Wanda ya manyanta akan haɗa masa da omefrazol miligiram 20 don kare ciki. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a rana, kuma shi kaɗai bai cika yin wani abin kirki ga ciwon baya ba. Tiramadol da danginsa ba na ciwon da zai yi watanni ba ne, jiki zai saba, ciwon yana nan.

Ungozoma:
Malamai ku ba mu wuri, masu ciki suna da yawa cikin masu wannan ciwo da ake gani. Kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da ciwon ƙugu a goyon ciki. Igiyoyi sun saki, nauyi ya ƙaru ya koma gaba. Magungunan kumburin nan a guje su daga mako na 20, a watanni ukun ƙarshe kuwa babu su sam, saboda ƙodar jariri da wata jijiyar zuciyarsa.

Gwaji mai sauƙi: ta kwanta rigingine ta ɗaga ƙafa a miƙe kamar santimita 20. Za ta ce ƙafar ta yi nauyi kamar ba tata ba. Ki matse mata ƙasusuwan ƙugu ta gefe da gefe da hannuwanki ta sake ɗagawa. Idan ta ji sauƙi, ɗamarar ƙugu za ta yi mata amfani. Wajen ɗaurawa ake ɓata abin. Ba a tsakiyar ciki ba, ba a inda ake ɗaura zane ba. Ƙasa da tsinin ƙugu na gaba, ƙarƙashin cikin, dab da saman ƙashin nan da ya turo a gefen cinya. A ɗaura lokacin tsayuwa da tafiya, a kwance lokacin kwanciya. Ciwon ba ya hana haihuwa da kai, kuma yawanci yana lafawa cikin watannin farko na jego. Mai jegon da ta haɗa shi da zazzaɓi kuwa a koma kan maganar Likitan Ƙashi ta mugunya.

Mai Gyaran Gaɓɓai:
Ina ta saurare. An ce ba ta gocewa, na ji. To amma a murɗa ƙugu ya yi ƙas, mutum ya sauko yana tafiya garau, wannan fa? Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Malamin Fiziyo:
Yallaɓai, sauƙin gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Tullberg da abokan aikinsa a 1998 sun dasa 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ƙasusuwan majinyata suka auna da eksire kafin murɗawa da bayanta. Masu gwajin hannu sun ce gaɓar ta koma daidai, awo ya nuna ko gezau ba ta yi ba. Abin da ke faruwa tsoka ce ke saki, jijiyoyi su rage kai ƙarar zafi na ɗan lokaci. A yi amfani da wannan sararin a fara motsa jiki, ba laifi. Illar tana cikin gaya wa mutum cewa ƙugunsa na fita. Daga ranar zai riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana dawowa duk mako a mayar masa. Kuma ba a murɗa mai raunin ƙashi ko mai amosanin da ya soma mannewa.

Likitan Raɗaɗi:
Wanda allurar gwaji ta tabbatar, akan zuba masa sitiroid, misali tirayamsinolon miligiram 40. Yana fara aiki cikin kwana biyu zuwa bakwai, ya riƙe makonni zuwa 'yan watanni. Mai ciwon suga ya sa ido, zai hau na wasu kwanaki. Kada a wuce uku ko huɗu a shekara. Idan yana yi amma ba ya daɗewa, sai ƙona ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga bayan gaɓar, reshen L5 da na S1 zuwa S3, wato jijiyoyin sakiram ta ɗaya zuwa ta uku, da zafin digiri 80 na daƙiƙa 90 a kowane wuri, bayan an gwada kashe su da allura an ga sauƙi. Wata shida zuwa shekara yake yi, jijiyoyin su sake tohowa. Bai isa gaban gaɓar ba, shi ya sa ba kowa yake wa aiki ba.

Likitan Ƙashi:
Tiyatar haɗewa ita ce ƙarshe, bayan aƙalla wata shida na duk abin da aka lissafa. Ana ɗan tsaga gefen ɗuwawu a tura sanduna uku na taitaniyam su ratsa gaɓar. Binciken da ya kwatanta ta da magani ba tiyata ya nuna ta fi, sai dai kamfanin da ke ƙera sandunan ne ya ɗauki nauyinsa, kuma majinyatan sun san abin da aka yi musu. A 2024 aka fitar da wani daga Norwe da Suwidin, mutum 63, rabi tiyatar gaske rabi ta bogi, ba wanda ya san tasa. Bayan wata shida ba a iya tabbatar da cewa ta gaskiyar ta fi ba. Ƙaramin bincike ne, amma ya isa ya sa mai wuƙa ya yi tunani sau biyu. Sanda ta kauce kaɗan za ta shiga ramin da jijiyar S1 ke fitowa, a tashi da ciwon ƙafar da ba a kwanta da shi ba. Mai shan taba kuma ƙashinsa ba ya saurin kamawa.

Ɗalibar Fiziyo:
Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: wanda aka ce ƙafarsa ɗaya ta fi tsawo, a sa masa tudu a takalmi?

Malamin Fiziyo:
A fara tabbatarwa. Awon tef a kwance yana kuskuren da ya kai santimita guda, kuma mai ciwo yakan karkata ƙugu ƙafar ta yi kamar gajeriya. A tsayar da shi ba takalmi, a riƙa sa siraran katakai ƙarƙashin gajeriyar har saman ƙugu ya daidaita, a auna katakan. Ƙasa da santimita 1 a ƙyale shi, yawancin mutane suna da hakan. Idan ya kai ɗaya da rabi ko biyu a gwada, amma ba a cike gibin lokaci guda. A fara da milimita 3 zuwa 5 a cikin takalmi, a ƙara bayan mako biyu, a tsaya wajen rabin bambancin a ga yadda jiki ya karɓa. Abin da ya haura santimita 1 ba ya zama a cikin takalmi, dunduniya za ta riƙa fita, sai dai a ƙara shi a tafin takalmin ta waje.